Majami'ar Oude Kerk ta Amstardam: tarihin gini ɗaya mai masu shi da yawa

1. Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi uku da suka shafi wurin ibadar Kirista, kowace kuwa da hanyar da ta biyo. Kalmar coci, wadda ta fi yawa a bakin mutanen Nijeriya, ta shigo ta Ingilishi, amma tushenta kalmar Girkanci ce kuriakon, watau abin Ubangiji. Kalmar ikilisiya ita ma daga Girkanci take, daga ekklesia, taron 'yan gari da aka kira domin shawara, kuma daga nan ne Faransanci ya samo église. Ta ukun, majami'a, ƙirar Hausa ce irin ta makaranta da maƙera, an ɗora ta bisa saiwar Larabci mai ma'anar tarawa, wadda ta ba da jama'a da Jumma'a da jami'a. Ke nan sunayen sun kasu gida biyu: ɗaya yana duban Mai ɗakin, biyu suna duban mutanen da ke taruwa a cikinsa.

Wannan bambanci na ma'ana ya fito fili a tarihin wani gini na birnin Amstardam, a ƙasar Holan, wanda ake kira Oude Kerk, watau Tsohuwar Majami'a. Kalmar kerk ta Holanci 'yar'uwar coci ce, tushensu ɗaya. Ginin shi ne mafi tsufa a birnin, ya haura shekara 700, ana ibada a cikinsa har wa yau, kuma tun 2012 ya zama wurin nuna ayyukan masu fasaha na zamani. Makalar nan za ta bi mai ziyara daga ƙofar ginin zuwa cikinsa, domin a ga yadda kowane zamani ya amsa tambaya guda: ɗakin nan na wane ne, kuma wa ke da ikon ƙara wani abu a cikinsa ko ya rage?

2. Garin da majami'arsa

Sunan Amstardam yana nufin madatsar ruwa a kan kogin Amstel. Takarda mafi tsufa da ta ambaci wurin ta shekarar 1275 ce, inda Floris na 5, mai mulkin yankin Holan, ya yafe wa mazauna bakin madatsar kuɗin fito a ƙasarsa. Masunta ne da 'yan jirgi, suna da ƙaramin ɗakin ibada na katako a gabashin kogin, da maƙabarta kewaye da shi. A ranar 17 ga Satumba 1306, Guy d'Avesnes, bishop na Utrecht, watau babban limamin Katolika na lardin, ya keɓe sabon ginin tubali da sunan Waliyyi Nikola, wanda Kiristocin wancan zamani suke ɗauka majiɓincin matuƙan jirgi da fatake. Sai da aka ba da iznin gina majami'a ta biyu a yammacin kogin, a 1408, sa'an nan mutane suka fara kiran wannan Tsohuwa, waccan kuma Sabuwa.

Ƙasar wurin laka ce da ruwa, ba ta ɗaukar nauyi sai an kafa turaku a ƙarƙashin gini. Saboda haka magina ba su yi rufin dutse irin na manyan majami'un Faransa ba, suka yi na katako mai lanƙwasa kamar baka, wanda ake lissafawa cikin mafi girman rufin katako da suka saura a Turai daga wancan zamani. Gobara ta cinye yawancin birnin a 1421 da 1452, amma majami'ar ta tsira duka sau biyun. An yi ta ƙara mata faɗi da tsawo gwargwadon ƙaruwar arzikin garin, har aka ɗora wa hasumiyarta kai a 1565. Wasu daga cikin ƙararrawar da ke cikin hasumiyar, François Hemony ne ya zuba su a 1658.

Mai ziyara da ya taso daga babbar tashar jirgin ƙasa zai iso da ƙafa cikin 'yan mintoci. Zai tarar da ginin a tsakiyar unguwar De Wallen, wadda ta yi suna da gidajen mata masu zaman kansu, abin da ya samo asali tun lokacin da unguwar take masaukin matuƙan jirgi. Zai kuma ga ƙananan gidaje manne da bangon majami'ar ta waje, kamar garin ya jingina da ita. Ana biyan kuɗin shiga irin na gidan tarihi, sai dai safiyar Lahadi, lokacin da jama'ar Furotesta ke taruwa domin ibadarsu.

3. Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Abu na farko da baƙo zai lura da shi bayan ya shiga shi ne sarari. Babu siffofi da yawa, babu ado mai nauyi, sai ginshiƙai da haske da farin bango. Na biyu kuwa shi ne daɓen, domin dukansa duwatsun kabari ne, kimanin 2,500, da dubban mutane kwance a ƙarƙashinsu. An ci gaba da binne mutane a cikin ginin har 1865. Kabari a nan dukiya ce, ana sayensa, ana gadonsa, ana kuma sayar da shi, kuma wanda ba shi da ƙarfin saye yakan yi haya. Wasu duwatsun suna ɗauke da suna da tambarin gida, wasu kuwa lamba kaɗai ko alamar da mai kabarin yake sa wa hajarsa.

A cikinsu akwai kabarin Saskia van Uylenburgh, matar mai zane Rembrandt, wadda ta rasu a 1642. Da bashi ya yi wa Rembrandt yawa, ya sayar da kabarin a 1662. Akwai na Jacob van Heemskerck, shugaban jiragen yaƙi da aka kashe a yaƙin Jibraltar a 1607. Akwai kuma na Kiliaen van Rensselaer, ɗaya daga cikin shugabannin Kamfanin Indiya ta Yamma na Holan, wanda aka kafa a 1621. Wannan kamfani ne ya ƙwace gidan yaƙi na Elmina, a gaɓar ƙasar Gana ta yau, daga hannun mutanen Fotugal a 1637, ya mai da shi cibiyar fataucinsa na zinariya da bayi. Elmina ta zauna a hannun Holan har 1872. Mai ziyara ya riƙe wannan suna, domin zai sake gamuwa da shi a cikin ginin.

4. Shekarun 1566 da 1578

Sararin da baƙo ya gani ba haka aka gina shi ba. A zamanin Katolika majami'ar tana da bagadai, watau teburan ibada, fiye da 30. Yawancinsu na ƙungiyoyin masu sana'a ne, kowace ƙungiya da nata waliyyi, da nata siffofi da zane-zane da kyandirori. Haka kuma ɗakin yana amfani ga harkokin duniya: masunta suna gyaran taru a ciki, 'yan tireda suna baje kaya, marasa gida suna kwana.

A watan Agusta 1566, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin Filibus na 2, sarkin Sipaniya, wata guguwa ta taso daga Filanda, inda mabiya koyarwar Jean Calvin suka shiga majami'u suna farfasa siffofi, bisa hujjar cewa girmama su bautar gumaka ce. Holanci yana kiran wannan al'amari Beeldenstorm, watau guguwar siffofi. Ta iso Oude Kerk a ranar 23 ga watan. Hukuncin da ya biyo baya ya yi tsanani. An tuhumi wata mata mai suna Weyn Ockers da jifan siffar Maryamu da takalminta a cikin majami'ar, aka nutsar da ita da 'yar aikinta a cikin gangar ruwa a dandalin birnin a 1568.

Bayan shekara 10, a ranar 26 ga Mayu 1578, masu goyon bayan tawaye ga Sipaniya suka tuɓe hukumar birnin ta Katolika, suka zuba manyanta da limamai da dama a jiragen ruwa, suka fitar da su bayan gari. Ana kiran wannan rana Alteratie, watau Canji. Majami'ar ta koma hannun mabiya Calvin, aka kwashe bagadai, aka daina kiranta da sunan Waliyyi Nikola. A kan shingen tagulla da ke raba tsakiyar ɗakin da gabansa akwai rubutun da ke shaida cewa an kawar da ɓarnar da ta shigo majami'ar a shekarar 78. Zane-zanen da ke jikin rufin, masu nuna waliyyai da jiragen ruwa, sun yi nisa da hannun masu fasawa, amma daga baya aka shafe su da fenti, suka ɓace wa ido har ƙarni na 20.

5. Abin da ya tsira

Abubuwa uku da suka tsallake wannan canji sun cancanci tsayawar mai nazarin harshe.

Na farko yana ƙarƙashin kujerun limamai a gaban ɗakin. Kujerun masu naɗewa ne, idan an ɗaga su kuwa akwai ɗan tudu da limami zai jingina a kai lokacin doguwar tsayuwa. Sunan wannan tudu a Latin misericordia, watau jinƙai. Masassaƙan wajen 1480 sun ƙawata su da karin maganar Holanci, kowace an sassaƙa ta siffa ba tare da rubutu ba. A ɗaya, mutum ya wage baki gaban bakin tanda, ma'ana kada ka yi gasa da abin da ya fi ƙarfinka. A wata, mutum ya tsuguna tsabar kuɗi na fita daga bayansa, ma'ana kuɗi ba ta nan suke zuwa ba. Da yake waɗannan ba siffofin waliyyai ba ne, an bar su. Su ne shaida cewa maganar kasuwa tana da mazauni a wuri mafi tsarki na ginin tun kafin Canji. Haka kuma a saman wata jar ƙofa, ta ɗakin da masu niyyar aure suke zuwa a rubuta sunayensu, an rubuta karin magana mai gargaɗin cewa auren gaggawa yana jawo doguwar nadama.

Na biyu shi ne wani ƙaramin ɗaki can sama a jikin bango, mai ƙofar ƙarfe, wanda ba a kai gare shi sai da tsani. A nan hukumar birnin ta ajiye muhimman takardunta, har da ta 1275 wadda ta fara ambaton sunan garin, kuma ba a kwashe su ba sai a 1892. Watau ɗaruruwan shekaru majami'ar ita ce taskar birnin.

Na uku shi ne kiɗa. Majami'ar tana da organ, babban abin busa mai bututu da yawa wanda ake kaɗawa da yatsu da ƙafafu. Mabiya Calvin na farko ba su yarda a kaɗa shi lokacin ibada ba. Amma hukumar birnin ta riƙe makaɗinsa, Jan Pieterszoon Sweelinck, a matsayin ma'aikacinta, tana biyansa domin ya yi wa jama'a kiɗa a wajen lokutan ibada. Ya yi wannan aiki fiye da shekara 40 har rasuwarsa a 1621, an kuma binne shi a cikin ginin. Ɗalibai sun zo masa daga Jamus, irin su Samuel Scheidt da Heinrich Scheidemann. Ke nan tun ƙarshen ƙarni na 16 an riga an raba lokacin ɗakin biyu, na ibada da na fasaha, kuma kowane da mai biyan kuɗinsa. A wannan zamani ne fatake ma suke fakewa a ciki domin ciniki idan ruwa ya hana su tsayawa waje, kafin a buɗe musu gidan hada-hada a 1611. Zane-zanen Emanuel de Witte na tsakiyar ƙarni na 17 suna nuna cikin majami'ar da masu yawo suna hira, da karnuka, da masu haƙa kabari a bakin aikinsu.

6. Shigowar fasahar zamani

A 1951 aka rufe ginin don tsoron kada ya rushe. Jama'ar da ke ibada a ciki ba su da ƙarfin gyaransa, saboda haka a 1955 suka miƙa shi ga wata gidauniya da aka kafa domin kula da shi. Gyaran ya ci daga 1955 zuwa 1978, kuma a cikinsa ne aka kankare fenti, zane-zanen rufin suka sake bayyana. Daga nan mai ginin ya zama gidauniya, masu ibada kuma suka zama masu amfani da shi a lokutan da aka keɓe musu. Da Jacqueline Grandjean ta karɓi shugabancin wurin a 2012, sai aka tsai da tsari: a gayyaci mai fasaha ya yi aiki sabo domin wannan ɗaki kaɗai, aikin ya zauna wasu watanni, sa'an nan a kwashe shi.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda aka gayyata daga tarihin ginin suka ɗebo maganarsu. A 2015 Taturo Atzu, mutumin Japan, ya kafa dandamali a bisa rufin, jama'a suka riƙa hawa suna duban birnin daga inda masu gyaran rufi kaɗai ke kaiwa. A 2017 Sarah van Sonsbeeck ta shimfiɗa a kan kaburburan barguna masu ƙyallin zinariya, irin waɗanda ake lulluɓa wa mutanen da aka tsamo daga teku. A majami'ar da aka keɓe wa majiɓincin matuƙan jirgi, kuma a shekarun da baƙin haure ke nutsewa a Bahar Rum, ma'anar ba ta ɓuya ga kowa ba. A ƙarshen wannan shekara Christian Boltanski, Bafaranshe, ya kafa aikin da ya kira Na, kalmar Holanci mai ma'anar bayan, inda ya cika ɗakin da dogayen baƙaƙen siffofi da riguna marasa masu su, ana jin muryoyi suna raɗa sunayen waɗanda ke kwance a ƙarƙashin daɓen. A 2019 Adrián Villar Rojas na Ajantina ya tara buhunan rairayi a ciki, ya duhunta wurin, abin da ke tuna yadda ake kare gine-ginen tarihi a lokacin yaƙi.

A ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 aka ba Ibrahim Mahama ɗakin. An haife shi a 1987 a Tamale, cikin ƙasar Dagomba, wadda fataken goro suka sani a kan hanyarsu ta Gwanja. Ya ɗauki zubin duwatsun kabarin Oude Kerk, ya kuma ɗauki zubin daɓe da bangon gidajen yaƙi na gaɓar Gana, har da Elmina, ya haɗa su ya tsai da ɗaruruwansu a tsaye cikin majami'ar. Sunan aikin yana nufin lambun tabo. Mai ziyara a lokacin yana ratsawa tsakanin tsagar dutsen da aka kwantar da attajiri a ƙarƙashinsa da tsagar daɓen da aka tsare bayi a kansa, alhali kuwa kuɗi ɗaya ne ya haɗa wuraren biyu.

7. Gardamar jar taga

Wannan tsari bai gamshi kowa ba. Wasu masu kare kayan tarihi suna ganin manyan ayyukan suna rufe ginin da mutane suka zo gani, suna kuma iya yi masa lahani. Gardamar ta fi zafi a 2018, lokacin da Giorgio Andreotta Calò, mutumin Italiya, ya lulluɓe dukan tagogin da jar leda, ɗakin ya koma ja wur. Ya kira aikin Anastasis, kalmar Girkanci mai ma'anar tashi daga matattu. Jan haske shi ne wanda mai wanke hoto yake aiki da shi a ɗakin duhu, domin ba ya ɓata hoton da ke fitowa. Da wannan ya yi nuni ga siffofin da aka hallaka a 1566.

Da nunin ya ƙare an cire ledar, amma an sa jan gilashi a taga guda, ta wani ƙaramin ɗaki da ake kira Ɗakin Kabari Mai Tsarki, da niyyar ya zauna. A nan ne aka saɓa wa al'adar cewa aikin zamani baƙo ne mai tafiya. Da yake ginin yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, ba a canza kome a jikinsa sai da izni. Ƙungiyoyin kare kayan tarihi suka ƙalubalanci iznin da hukumar birnin ta bayar, suna cewa jan gilashin ya canza hasken da aka gina ɗakin da shi. Gidauniyar kuwa ta ce kowane ƙarni ya bar alamarsa a ginin, daga tagogin Ɗakin Maryamu masu launi na 1555 zuwa babban organ da Christian Vater ya gama a 1726, don haka wannan ƙarni ma yana da haƙƙin barin tasa. Shari'ar ta kai har babbar kotun ƙasar mai duba hukunce-hukuncen hukumomi, kuma tagar ta zauna.

Kowane ɓangare yana da hujja daga tarihin ginin kansa. Masu ƙi suna iya nuna fentin da ya ɓoye zanen rufin shekaru masu yawa, wanda masu shafa shi suka ɗauka gyara ne. Masu so kuma suna iya nuna cewa farin ɗakin da ake ƙoƙarin karewa shi kansa sakamakon fashe-fashen 1566 da kwashe-kwashen 1578 ne, ba siffar da magina suka bari ba.

8. Kammalawa

Holanci yana da kalma guda, gemeente, wadda ke nufin jama'ar majami'a, tana kuma nufin hukumar gari. Tarihin Oude Kerk ya nuna dalilin da ya sa ma'anonin biyu suka iya zama cikin kalma ɗaya. Ƙungiyoyin masu sana'a ne suka kafa bagadai, hukumar birni ce ta ajiye takardunta a bango ta kuma biya makaɗi, attajirai ne suka sayi daɓen kabari bayan kabari, gidauniya ce ta tsare rufin daga faɗuwa. Ibada kuwa ba ta bar ɗakin ba, ko da yake ta sauya hannu da harshe, daga Latin zuwa Holanci. Sunan ginin yana cewa kerk, abin Ubangiji, amma a aikace ya fi kusa da ma'anar ekklesia da majami'a, wurin da mutanen gari ke taruwa, har da jayayyarsu.

Bambancin wannan zamani da na da yana ga hanyar yanke jayayyar. A 1568 an nutsar da mata biyu saboda siffa guda. A ƙarni na 21 an kai maganar taga guda gaban alƙalai, aka saurari kowa, wanda ya faɗi ya koma gidansa. Mai ziyara da ke son ganin waɗannan zamunna a jere zai fara da daɓen, ya ɗaga kai ga rufin, ya duba ƙarƙashin kujerun limamai, ya karanta shekarar da ke kan shingen tagulla, sa'an nan ya nemi a nuna masa ƙaramin ɗakin da jar tagar take.